Launin da Ba a Rina Ba a Kembirij

Kembirij gari ne na kekuna da tsofaffin kwalejoji a bakin kogin Kam. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai yana cikin wani gini marar ado a titin Lensfield, wato sashen kimiyyar sinadarai na jami'ar garin. A nan Farfesa Silvia Vignolini, 'yar Italiya, ta shafe shekaru da ɗalibanta suna haɗa launi ba tare da rini ba.

Wata ɗaliba ta nuna mini ɗan faranti na gilashi mai ɗauke da ruwa fari-fari. Ta ce ba komai a ciki sai selulos, sinadarin da ke jikin auduga da itace. Asid ake sa masa har ya kakkarye ya koma 'yan sanduna masu tsawon nanomita ɗari ko ɗari biyu. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Daga nan sai a ƙyale ruwan ya ƙafe a hankali. Yayin da yake ƙafewa sandunan suna matsowa, su jera kansu hawa-hawa, kowane hawa ya ɗan karkata daga na ƙasansa, har su yi murɗi. Ba hannun da ya jera su. Tazarar murɗin ce ke zaɓar launin da zai dawo wa ido: in ta matse a ga shuɗi, in ta saki a ga kore ko ja.

Ta ɗauko wanda ya riga ya bushe, na karkata shi gaban taga, launinsa na sauyawa a hannuna. Mu da muka san marinar Ƙofar Mata, mun san sai an jiƙa baba an tsoma zane kafin a ga shuɗi. Wannan kuwa tsarin jikinsa kawai ke sarrafa haske.

Daga Afirka masu binciken suka ɗauki darasi. Akwai wata ciyawar kurmi, Pollia condensata, mai 'ya'ya shuɗi masu sheƙi. A 2012 Vignolini da abokan aikinta suka nuna cewa murɗaɗɗen selulos ne ke ba ta launin. Wata da aka tsinko a Gana a 1974 tana ajiye a lambun Kiyu na Landan, kuma har lokacin binciken sheƙinta bai dushe ba, don babu rinin da zai koɗe.

Haƙurinsu ya burge ni ƙwarai. Gishiri kaɗan a ruwan, ko saurin bushewa, ya isa ya canja launin, don haka komai sai an auna an sake aunawa. A 2021 suka kai ga shimfiɗa ruwan a kan doguwar leda mai tafiya bisa na'ura, ya bushe, su ɓare shi su niƙa ya zama ƙyalƙyali. Irin wanda ake sa wa kayan kwalliya yawanci na roba ne, yana bin ruwa ya taru a teku. Nasu na itace ne, kuma yana ruɓewa.