Takardar Gahawar Maigida da Ruwan Shan Yarana

A wannan watan zan ba ki labarin wata 'yar takarda da ba ta kai faɗin tafin hannu ba, wadda sakacin da na yi game da ita ya kusa raba ni da ɗana na fari.

Ni malamar Islamiyya ce a Birnin Tudu, cikin Ƙaramar Hukumar Bakura. Kamar yawancin magidantan yankinmu, maigidana yana noman shinkafar rani da ruwan Dam ɗin Bakolori, wanda aka kammala a 1978 a kan Kogin Sakkwato, kusa da Maradun. A shekarun farkon aurenmu, kafin matsalar tsaro ta hana mutane kwana a gonaki masu nisa, idan girbi ya zo yakan kafa bukka a bakin gona, ya yi kwana huɗu ko biyar tare da 'yan ƙwadago, ana yanka ana bugu, ana kuma gadin buhuna. Ni kuma nakan kai musu abinci da hantsi a ranakun Alhamis da Juma'a, tun da babu makaranta, in wuni can har la'asar.

Malam mutum ne mai son gahawa, irin wadda wasu ke kira kofi. Wansa ne ya kawo masa tsarabar wata buta daga aikin Hajji, kuma duk inda zai kwana da ita yake tafiya. Butar tana da wani siririn bututu a tsakiya, a samansa kuma akwai ɗan kwando mai ƙananan huji inda ake zuba garin gahawa. Idan aka ɗora ta a kan garwashi ruwa ya tafasa, sai ya bi ta bututun ya hau sama, ya zubo a kan garin, ya tsiyaye ya koma ƙasa, ya sake hawa, har ruwan ya yi duhu. Minti bakwai zuwa goma sun isa, in aka wuce haka ɗaci ne zai biyo baya. Tare da butar akwai ƙunshin wasu fararen takardu masu zagaye, kowace da huji a tsakiya domin bututun ya ratsa. Ana shimfiɗa guda a cikin kwandon kafin a zuba gari, ita ce ke tare diddiga kada ta gangara cikin abin sha.

Da ina amarya ban san amfaninsu ba. Wata safiya ashana ta yi mini gardama, na ɗebi kusan goma na hura wuta da su. Da Malam ya gani sai ya riƙe baki ya ce, "Malama, yau kin dafa koko da tsarabar Makka!" Daga nan ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake aiki da su. Daga baya na karanta cewa mace ce ma ta ƙirƙiro wannan dabara, wata uwargida mai suna Melitta Bentz a birnin Dresden na ƙasar Jamus, a 1908. Diddigar gahawa ce ta ishe ta, sai ta huhhuda gindin wani ƙoƙon tagulla, ta shimfiɗa takardar tsotse tawada daga littafin makarantar ɗanta, ta tace da ita. Masana sun kuma gano cewa takardar tana riƙe wani maiƙo na gahawa da ke ƙara yawan kitse a cikin jini. Jin haka sai takardar ta ƙara girma a idona, har na ɗora mata aikin da ba nata ba.

Wata Alhamis cikin zafin watan Afrilu na je gona da yaron, yana ɗan shekara uku. Kafin azahar jarkar ruwan da na zo da ita daga gida ta ƙare, domin 'yan aiki sun sha. Yaro ya fara kukan ƙishirwa. Ga magudanar ruwan dam tana wucewa a gefen gona, amma ruwan da ɗan gurɓi. Sai dabara ta faɗo mini. Na ɗauko kwandon butar, na shimfiɗa takarda biyu, na toshe hujin da yatsa, na riƙa zuba ruwan a hankali yana ɗiga cikin kofi. Ya fito garau, har na ɗaga shi ina nuna wa Malam. Ya ce, "Da dai kin tafasa." Na ce, "Haba Malam, a wannan zafin wa zai jira ruwa ya huce? Dubi yadda ya yi kyau." Na ba yaro ya shanye, na ƙara masa.

Daren Juma'a zawo da amai suka kama shi. Kafin asubahin Asabar idanunsa sun faɗa, bakinsa ya bushe, yana kuka babu hawaye. Surukata ce ta karɓe shi daga hannuna ta ce, "'Yar nan, ba lokacin kuka ba ne, ɗauko mayafinki." A asibiti aka sa masa ƙarin ruwa, muka kwana biyu. Ma'aikaciyar jinyar da ta duba shi ta tambaye ni abin da ya sha, na faɗa mata ina sunkuyar da kai. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai bayyana mini cewa ƙwayoyin cutar da ke kawo zawo da kwalara da taifot sun yi ƙanƙantar da takarda ko ƙyalle ba za su tare su duka ba. Gahawar Malam ba ta taɓa cutar da shi ba saboda ruwanta yana tafasa a cikin buta. Wuta ce ke kashe cuta, aikin takarda tare diddiga ne kawai.

Uwargida, abin da ya fi damuna shi ne ni ce mai karantar da 'yan mata babin tsarki a Ahalari da Ishmawi. Kullum ina gaya musu cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su jirkita da wani abu ba ya halatta a yi alwala da shi. Wannan hukunci daidai ne a muhallinsa. Kuskurena shi ne na ɗauki ma'aunin ruwan alwala na auna ruwan sha da shi. Tun daga lokacin, duk ajin da na kai wannan babi sai na tsaya na bambance musu biyun.

Kada ki ce na raina tacewa. Ina ƙarama na ga mahaifiyata tana ɗaure farin ƙyalle a bakin randa kafin ta juye ruwan tafki, saboda kurkunu. Wannan cuta tana shiga jiki ne ta wani ɗan ƙwaron ruwa wanda girmansa ya isa ƙyalle ya tare shi. A ƙidayar da aka yi a ƙarshen shekarun 1980 an samu mutane sama da 650,000 masu kurkunu a Najeriya. Da taimakon irin wannan ƙyalle, da haƙa rijiyoyin burtsatse, da yawon wayar da kai da Janar Yakubu Gowon da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter suka yi, aka ga mai cutar na ƙarshe a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasarmu ta rabu da ita. A Bangaladash ma an gwada tace ruwa da tsohon zane da aka ninka huɗu, kwalara ta ragu da kusan rabi. Kin ga tacewa tana da rana, amma ragowar rabin nan 'ya'yan wasu ne.

Ga abin da nake yi yanzu, kuma nake ba ki shawara. Duk tafiyar da za ta sa a wuni ko a kwana a waje, gona ce ko biki a ƙauye, ina ware wa yara jarkarsu daban da ruwan da na tafasa tun dare ya huce. Idan dole ta sa a ɗebi na rafi, a fara tacewa da ƙyalle mai tsabta, sannan a tafasa shi ya yi ta ɓararraka na aƙalla minti ɗaya, a rufe ya huce. Kuma jakata ba ta rabuwa da ƙullin gishiri da sukari na asibiti. In babu shi, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba, cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa. A riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan da zarar zawo ya fara, ana kan hanyar asibiti.

Yaron nan yanzu yana makarantar sakandare, kuma shi ke dafa wa babansa gahawa a tsakar gida bayan sallar asuba. Takardun Makka sun daɗe da ƙarewa, wani tsohon farin ƙyalle da na yanka masa ne yake shimfiɗawa a kwandon, ya wanke ya shanya bayan an gama. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya kare su daga sakacinmu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.