Bushiya cikin kwali

Da damina ta sauka a Adar, yaran Tawa da na Keita sukan tsinci bushiya da dare a bakin gona, su kai ta gida cikin kwali. Iyaye kan yi dariya, su ƙyale. Ita ce dai irin wadda Amurkawa ke kiwo a ɗaka, wadda gwamnatinsu ta hana shigo da ita daga Afirka a 1991 don tsoron cutar baki da ƙofato ta shanu.

Bayan ƴan kwanaki sai a ga tana susa, ƙayarta na zuba, gefen kunnenta ya bushe ya tsattsage. Galibi wasu ƙananan ƙwari ne masu suna Caparinia ke cin fatarta, ko kuwa makero. Na biyun ne abin damuwa ga mai gida, domin yana kama mutum: yaron da ya yini yana juya ta a hannu zai iya wayar gari da zoben ƙaiƙayi a tafinsa. Man da wasu ke shafa mata ba ya kashe ko ɗaya cikin biyun. In ta kamu, aikin likitan dabbobi ne. Yaron kuwa a wanke masa hannu da sabulu, a kai shi asibiti. Wadda ke lafiya, gara a mayar da ita gona, inda take cin fara da tsutsa.