Kwana huɗu a Lisbon babu nama

Da muka miƙa rubutun ƙarshen zango, ni da ƙawata 'yar Indiya da muke aji ɗaya a nan Ingila muka yanke shawarar zuwa Lisbon, babban birnin Fotugal, mu sha iska na kwana huɗu. Ni Musulma ce, ina kiyaye halal. Ita Hindu ce, tunda aka haife ta nama bai taɓa shiga bakinta ba, haka ma kifi. Muka ce ai abin ya zo da sauƙi, sai mu haɗu a kan ganye da hatsi.

Rigimar farko a kan masauki ta taso. Da fasfo ɗin Najeriya ko na Indiya sai da bizar Shengen, kuma cikin takardun da ake nema har da shaidar inda mutum zai kwana. Ke nan dole ki kama ɗaki tun ba ki san ko za a ba ki bizar ba, ga Yuro 90 na kuɗin biza da ba a mayarwa. Shawarar da zan ba duk mai irin fasfonmu ita ce ya nemi ɗakin da ake iya sokewa kyauta, ko da ya ɗan fi tsada.

Ƙawata ta samo wani hostel mai arha a Alfama, tsohuwar unguwa mai lunguna da hawa da gangara. Hotunan sun yi kyau. Da na karanta bayanin a tsanake sai na ga gado takwas ne a ɗaki ɗaya, maza da mata a haɗe. Na ce ba zan iya ba. A ina zan cire hijabi? A ina zan shimfiɗa sallaya da asuba? Ta ce barci kawai za mu yi, me ya sa nake tsananta wa kaina. Maganar ta yi mini zafi, muka kwana biyu sai gaisuwa. Daga baya muka samu wani ɗan ɗaki mai kicin kusa da dandalin Martim Moniz, kowa ta ƙara kuɗi a kan abin da ta tsara. Na san ta yarda ne don a zauna lafiya, ba don ta ga dalilina ba.

Daren da muka sauka muka shiga wani ƙaramin gidan abinci, ga yunwa ga gajiya. Muka tambayi mai kawo abinci ko akwai abin da babu nama, ya nuna mana caldo verde, miyar dankali da yankakken ganye dangin kabeji. Ƙawata ta sha cokali uku, a na huɗu ta ɗago wani jan abu zagayayye. Chouriço ne, naman alade da ake ɗurawa a hanji a kyafe. Mutumin ya ba da haƙuri, ya ce bari ya cire mata. A wajensa miyar ganye ce, naman ɗanɗano ne kawai. Wasu a ƙarshe suke ɗora shi, wasu tare suke dafawa, mu kuma ba mu san wanne aka yi ba.

Ni ban kai ga sha ba, Allah Ya tsare. Ita kuwa ta fita waje, na same ta jingine da bango tana hawaye. Ta ce shekara ashirin da bakwai, ga shi a cokali uku. A nan kunya ta kama ni. Duk tsawon zamanmu ina ɗaukar ƙin namanta kamar ra'ayi ne, irin na masu rage ƙiba, nawa ne kaɗai addini. Na faɗa mata haka. Ta yi shiru, can ta ce ita ma haka ta ɗauki zancen ɗakin.

Washegari muka gane ashe ɗakin da muka yi faɗa a kansa shi ne mafitarmu. Unguwar da ke jikin dandalin sunanta Mouraria, nan aka tsugunar da Musulmin birnin bayan Kiristoci sun karɓe shi a 1147. Yau titin Benformoso cike yake da shagunan 'yan Bangaladash da sauran mutanen Kudancin Asiya. Akwai mahautan halal, akwai gidajen abincin da in kin ce ba nama sun san har da romo kike nufi. Ƙawata ta yi ta Hindi da masu shago, muka ci shinkafa da miyar wake irin tasu har muka ƙoshi.

Mun kuma koyi yin tambaya. “Sem carne”, wato babu nama, ba ta isa ba. Sai kin tambaya ko an sa romon nama, ko kitsen alade, ko kifi. Muka rubuta waɗannan a waya da harshensu muna nunawa. Da haka muka ci peixinhos da horta, ɗanyen wake mai kwanso da ake tsomawa a ƙullun fulawa a soya. Sunan na nufin ƙananan kifayen lambu, amma babu kifi a ciki. Burodi da zaitun da ake ajiyewa a tebur kafin abinci kuwa ba kyauta ba ne, in kin ci za ki gan su a lissafi.

A dare na uku na ga gwangwanin farin wake mai baƙin ido a kanti, irin namu sak, suna ce masa feijão frade. Na dafa garau-garau, na soya mai da albasa, na fito da yajin ƙuli-ƙulin da ba na tafiya sai da shi. Ɗanɗanon girki ma sai da na duba bayan kwalin, na ga na kaza ne, na ajiye. Muna ci Umma ta kira ta bidiyo, ta leƙa kwanon ta ce, “Ke, kuɗin ne suka ƙare? Ina naman?” Na ce, “Umma, baƙuwata ba ta ci.” Ta ce, “To ai sai ki yi mata ɗanwake in kun koma.” A gida abinci ba nama alamar babu ce, ba a ba baƙo. Amma ƙosai, alale, waina, kwaɗon zogale, ɗanwake, duk namu ne, kuma babu wanda ke jiran nama kafin ya yi daɗi.

Ranar da za mu taso na makara. Ƙawata ce ta taɓa ƙafata cikin duhu ta ce lokacin sallata ya yi, ta ɗauke akwatinta daga gefen taga don in sami wurin shimfiɗa sallaya. Ɗanwaken kuwa na yi mata shi makon da muka dawo, har ta nemi ƙari.