Yaron Shikago da Kilarinet Ɗinsa

Mu malaman makaranta mun sha jin iyaye suna cewa kiɗa da busa sai wanda ya gada, in ba haka ba shiririta ce. Ga labarin wani yaro baƙar fata ɗan Amurka, Anthony McGill, wanda mahaifinsa ma'aikacin kashe gobara ne.

An haife shi a 1979 a kudancin birnin Shikago. Yana ɗan shekara 9 ya fara busa kilarinet, ga wansa Demarre kuma yana busa sarewa. Ita kilarinet ta yi kama da algaitarmu, sai dai da baƙin katako ake yin ta, ga maɓallan ƙarfe a jikinta, kuma siririn kara ɗaya ne a bakinta.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda ya samu koyarwa. A shekarar da aka haife shi, an cire darasin kiɗa daga makarantun firamare na gwamnati a Shikago. Sai wasu mata biyu suka kafa makarantar Merit don kada 'ya'yan talakawa su rasa. Can Anthony ya yi karatu. Daga nan ya shiga makarantar kwana ta Interlochen a jihar Mishigan, sannan kwalejin Curtis a Filadelfiya, wadda tun 1928 ba ta karɓar kuɗin karatu, amma sai gwani take ɗauka. Ya gama a 2000.

Ya yi shekara 4 a ƙungiyar makaɗan birnin Sinsinati. A 2004 ya zama shugaban masu kilarinet na Metropolitan Opera a birnin New York, inda mai neman aiki yake busa a bayan labule, alƙalai ba su ganin fuskarsa, kunne kaɗai ke hukunci. Ran 20 ga Janairu 2009 ya yi busa a bikin rantsar da Shugaba Obama. A 2014 New York Philharmonic ta ba shi irin wannan muƙami. Tun kafa ta a 1842, shi ne baƙar fata na farko da ya shugabanci wani sashe a cikinta.

To, jama'a, a makarantar da nake koyarwa, da jarrabawa ta ƙarato, lokacin kiɗa ake fara miƙa wa malamin lissafi. Ina ganin yara masu kunne, waɗanda in sun ji waƙa sau ɗaya sun haddace, amma babu mai ja musu gora. Ba na cewa kowa ya zama mabushi. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mata biyu ne kawai suka fara Merit. Iyaye da 'yan kwamitin makaranta, don Allah a bar wa yara wannan ɗan lokaci nasu.