Wasiƙun 'Yan Cirani

A 1973, shekarar da aka canza kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo, ina aji biyar na firamare, kuma ni ne mai rubuta wa unguwarmu wasiƙa a Funtuwa. Da an gama girbi sai magidanta su watse cirani, wasu Sabo ta Ibadan, wasu Agege wajen 'yan goro. A bar mata da tsofaffi, waɗanda ba su yi boko ba. Ladana ƙosai ne, wani lokaci kwabo biyu.

Gwaggo, yayar mahaifina, ita ta fi kowa tsanani. Takan zauna kan tabarma ta miƙe ƙafa, ta faɗi maganarta dalla-dalla, in na gama ta ce, "To ɗan nan, karanta mini in ji." Duk kalmar da ba ta fito daga bakinta ba sai an soke. Gaisuwa kuwa ba ta yarda a taƙaita ta, domin a wurinta wanda ba a gaishe shi da kyau ba, ba zai saurari buƙata ba. Amma da an wuce gaisuwa babu sauran kwana-kwana. "A aiko da kuɗi" ba magana ba ce. Sai an rubuta naira shida, na yaɓen ɗaki kafin ruwa ya sauka, a ba direban da ke zuwa ranar kasuwa.

Dalilinta mai ƙarfi ne. Ɗanta da ake rubuta wa wasiƙar ma bai iya karatu ba, wani yaro ne kamata zai karanta masa a can, yana gargada, a gaban abokan kwana, kuma babu wanda za a tambaya me ake nufi. Shi ya sa zancen cikin gida takan sakaya shi yadda ɗanta kaɗai zai gane, zancen kuɗi da rana kuma ta fito da shi fili.

Daga baya na fahimci abin da ya sa dattawa ke yin tsit a zaure in ana karanta musu jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda Abubakar Imam ya fara gyarawa a Zariya a 1939, ko kuma littafinsa Magana Jari Ce. Imam ya san cewa mutum ɗaya ne zai riƙe takardar, sauran da kunne za su karɓa, sai ya yi rubutun da baki ke iya ɗauka.

Yau ina ganin sanarwar asibiti da ta banki da aka juyo daga Turanci, kalmomin Hausa ne amma ba mai jin su, abin yana ci mini rai. Kai mai rubutu, kafin ka saki takardarka, karanta wa mahaifiyarka da babbar murya, inda duk ta ce "Me ka ce?" ka koma ka gyara.