Ƙala'at an-Nahal: Duwatsu a Tsakiyar Ƙasar Riɗi

Idan aka ambaci Sudan a Kano ko Maraɗi, abin da ke faɗo wa mutane a rai bai wuce Hartum ba, da ɗalibanmu da suka yi karatu a can, da tsohuwar hanyar alhazai, sai kuma yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. Kaɗan ne suka san jihar Gadarif, can gabas a kan iyakar Habasha, wadda ita ce rumbun dawa da riɗi na ƙasar. A kudu maso yammacin birnin Gadarif akwai wani gari mai suna Ƙala'at an-Nahal, hedikwatar ƙaramar hukuma, a gindin wasu duwatsu. Ba wurin 'yan yawon buɗe ido ba ne, babu manyan otal-otal, babu mai tallata shi a talabijin. Amma ina ganin ya cancanci Bahaushe ya san shi, domin a wannan yanki zai ga ƙasa baƙuwa wadda rabinta gida ce.

Kada mai karatu ya zaci tudu ne shimfiɗaɗɗe mai sanyi. Tsaunukan gaske suna gabas, a cikin Habasha, inda koguna ke gangarowa. Abin da ke nan shi ne fili miƙaƙƙe na baƙar laka, iyakar ganinka, sai kawai duwatsu su taso daga cikinsa kamar yadda Kwatarkwashi ke tarar matafiyi a hanyar Gusau. Masana duwatsu sun daɗe suna zuwa wurin, saboda akwai ma'adinai irin su kuromait da farin dutsen nan mai santsi da ake yin hoda da shi.

Wanda zai yi yawo a nan, ba shi ke zaɓar lokaci ba, ƙasa ce ke zaɓa masa. Ruwa yakan sauka daga Yuni zuwa Oktoba. Da rani baƙar lakar nan takan tsattsage har ƙafar akuya ta iya faɗawa, amma da ta sha ruwa sai ta kumbura ta zama taɓo mai danƙo, ta riƙe tayar mota ta ƙi saki. Ƙauyuka da yawa sukan yi makonni ba mai shiga sai tarakta. Abin takaicin shi ne a daidai lokacin ne wurin ya fi kyau: duwatsu sun yi kore shar, shamuwa ta cika bishiyoyi, tafkunan da ake haƙawa don tara ruwa, waɗanda suke kira hafir, sun cika sun batse. Mutanen Sudan suna matuƙar son damina, idan sun sami sarari sukan ɗebi iyali da tabarmi da tukwane su fita bayan gari su yini. Baƙo kuwa, gara ya dakata sai kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa Janairu, lokacin da hanya ta bushe kuma zafi bai yi tsanani ba.

Fita ta farko ba ta buƙatar mota. Bayan sallar asuba mutum ya nemi yaron gari ya raka shi, su hau dutse kafin rana ta ɗaga. Daga sama zai ga bukkokin ciyawa masu tsini, da layin dogo da ya ratsa fili, da gonaki waɗanda ido ba ya kai ƙarshensu. Idan lokacin yankan riɗi ne, a nan ya kamata ya sauka ya tsaya. Riɗi ba ya jira. Da ya nuna, kwanaki kaɗan ne a hannun manomi, in ya yi jinkiri kwanson ya fashe, ƙwayar ta zube ƙasa. Shi ya sa za ka ga 'yan ƙwadago, wasu daga yammacin Sudan, wasu daga Habasha, suna yanka da lauje tun duhun safiya, suna ɗaurewa dami-dami, suna jingina su a tsaye don su bushe. Bayan kamar mako biyu sai a shimfiɗa leda ko buhuna, a juya kowane dami kansa ƙasa a kakkaɗe shi, farin riɗi ya riƙa zubowa da sautin yayyafi. Daga nan sai kasuwar amfanin gona ta Gadarif, inda ake yin gwanjonsa kafin ya kama hanyar tashar jiragen ruwa ta Fot Sudan.

Noman injina da ake yi a waɗannan manyan gonaki ya fara ne a Gadambaliya, kusa da Gadarif, a tsakiyar shekarun 1940, ya yi ta faɗaɗa har ya cinye dazuzzukan da makiyaya ke bi. Ya kawo arziki, ba a musu, amma duk wanda ya tsaya a kan dutsen nan ya ga yadda aka share itatuwa, zai gane dalilin da ya sa manomi da makiyayi ba sa rabuwa da ƙara a gaban hukuma. Abin da ya rage na daji ya fi yawa a kewayen duwatsu, kuma a can ake samun dakwara, bishiyar ƙaro. Bayan ɗaukewar ruwa, mai ƙaro yakan zaga da ɗan gatarinsa ya ɓare siririn ɓawo a jikin reshe, ya tafi abinsa. Sai an yi kusan mako shida zai dawo ya tarar da dunƙulen ƙaro ya daskare, yana sheƙi. Ƙaron nan da almajiri ke zubawa a tawada, shi ne kamfanonin lemon kwalba na Turai da Amurka ke nema ido rufe, kuma Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi.

Idan rana ta take, yawo ya ƙare, sai inuwa. Mutanen nan ba sa karya kumallo da sassafe, sai wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya, da dafaffen wake da man riɗi da burodi, ko kisra, wata siririyar waina ta ƙullun dawa. Ba za ka wuce masu cin abinci ba su ce maka "itfaddal" ba, kuma da gaske suke, ƙin zama rashin ladabi ne. Sannan a kawo jabana, wato gahawa. Mai gahawa takan soya ƙwayar a kan gawayi a gabanka, ta zagaya da kaskon kowa ya shaƙi ƙamshi, ta daka a ɗan turmi tare da citta, ta dafa, ta juye a cikin 'yar butar yumɓu wadda aka toshe bakinta da zaren kaba don tacewa. Ana tsiyayawa a ƙananan kofuna masu sukari da yawa, turaren wuta yana tashi a gefe. Ba a shan ta a tsaye. A wurin jabana ake jin farashin buhu, da wanda ya aurar da 'ya, da ƙauyen da hanyarsa ta buɗe.

Tafiyar yini guda da ta fi kowace daraja ita ce zuwa Hawata, a bakin kogin Rahad. Layin dogon da Turawan Ingila suka kammala a 1929, daga Kasala ta Gadarif zuwa Sannar, ya bi ta Ƙala'at an-Nahal ya ƙetare kogin a nan. Rahad kogin damina ne, yakan taso daga Habasha da ƙarfi, da rani kuma ya tsinke ya bar gurabe. A bakinsa akwai lambunan mangwaro da lemo da kayan miya, kuma a nan ne kunnen baƙo zai fara jin "sannu da zuwa". Hausawa sun daɗe a ƙauyukan Rahad, suna noman rani, suna su. Kakanninsu alhazan ƙafa ne da suka ratso Barno da Wadai da Darfur, suna tafiya suna noma don neman guzuri, wasu suka kai Makka suka dawo suka zauna, wasu ba su ƙarasa ba. Wasu kuma zuriyar masu hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, waɗanda suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sannar. Hausarsu ta sha Larabci, amma za ku fahimci juna sarai, kuma da yamma za a kai ka wurin mai agashe, wato tsirenmu da ƙuli-ƙuli da yaji, wanda yanzu duk Sudan ke ci. 'Yan ƙasa ne haihuwar kaka da kakanni, duk da haka rikicin jihar Bulu Nayil na Yulin 2022, inda aka kashe Hausawa da dama a kan batun ƙasa da sarauta, ya nuna har yanzu akwai masu yi musu kallon baƙi. Wannan abu yana ci mini rai.

Gargaɗi ɗaya ga mai kwana a bakin Rahad: yankin yana cikin wuraren da cutar kala'azar ta fi kamari a duniya. Wani ɗan ƙanƙanin ƙwaro ne ke yaɗa ta, mai son tsagar baƙar laka da wuraren aduwa da dushe, yana cizo daga magariba. Ciwon zazzaɓi ne mai daɗewa da kumburin saifa, kuma yana kisa in ba a yi magani ba. Gidan sauro mai ƙananan ƙofofi ba abin wasa ba ne a nan.

Ƙetaren kogin, ta kudu, akwai gandun dajin Dindir, wanda aka keɓe tun 1935, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 10,000. Wannan ba tafiyar yini ba ce, sai da kwana da izinin hukuma, kuma sai da rani, lokacin da ɓauna da gwanki da mugun dawa da jimina ke taruwa a fadamun da ruwa ya rage, zaki yana biye da su. Raƙumin dawa ya riga ya ƙare a wurin.

Akwai wasu ƙauyuka kusa da Ƙala'at an-Nahal, irin su Ummu Sagata da Salmin, waɗanda ba don kyan gani ake zuwa ba. An kafa su ne wajen 1970 domin 'yan gudun hijirar Eritiriya da suka tsere wa sojojin Sarkin Habasha Haile Selassie a 1967. Aka yanka wa kowane gida gona, aka jawo musu ruwa daga Rahad ta bututu, suka yi shekaru suna noma dawa da riɗi, har da yawansu suka koma gida bayan ƙasarsu ta sami 'yanci a 1993. A ƙarshen 2020 mutanen Tigirai na Habasha suka kwararo jihar, aka sauke su a sansanin Ummu Rakuba. Sannan abin ya zo kan 'yan ƙasa su kansu: da dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin gwamnati, suka kama Wad Madani a Disambar 2023, suka kama Sinja da garin Dindir a tsakiyar 2024, dubban iyalai suka ƙetare Rahad suka cika makarantu da gidajen dangi a Hawata da Gadarif da garuruwan da ke tsakani. Sojoji sun karɓe Dindir a Oktoban 2024, Sinja a Nuwamba, Wad Madani kuma a Janairun 2025. Duk da haka hanyoyi cike suke da shingayen bincike, kuma baƙo mai hawa dutse da kyamara zai sha tambaya. Wanda ke da niyyar zuwa, ya fara neman mai masauki a cikin 'yan'uwanmu na can, ya tafi da cikakkun takardu, ya bar su su faɗa masa ranar da ta dace.