Ranar da kwamfuta ta ce lafiya lau

Mu uku ne jami'a ta tura horon sanin makamar aiki a wani gareji a Kano, maza biyu da mace ɗaya, dukkanmu daga sashen injiniyancin injuna. Mun isa da sababbin rigunan aiki da littattafan rubutu, muna jin cewa shekara biyun da muka yi a aji ta sa mun fi yaran garejin sanin mota. Mai garejin, wanda kowa ke kira Oga, bai wuce firamare ba. Da ya ji mun iya Turanci sai ya miƙa mana kwamfutar duba mota, ya ce, “To injiniyoyi, ga taku.” Tun daga ranar muka zama masu riƙe ta, kuma kanmu ya ƙara girma.

A mako na biyar, ana tsakiyar damina, wani dattijon direba ya shigo da a-kori-kura 'yar Kwatano. Hatsi yake ɗaukowa da ita daga ƙauyuka zuwa kasuwar Dawanau, kuma ita ce abincin gidansa. Ya ce birkinta na yi masa wani abu da bai gane ba. Idan yana gudu ya taka, lafiya lau take kamawa. Amma idan ya rage gudu sosai, yana dab da tsayawa, sai fedar birkin ta riƙa kakkarwa a ƙarƙashin ƙafarsa, ya ji gurnani daga gaba, motar kuma ta ƙara gangarawa kaɗan kafin ta tsaya.

Ran nan Oga ya tafi Ƙofar Ruwa sayo kaya. Muka ce ai wannan aikinmu ne. Muka jona kwamfutar a wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, muka umarce ta ta binciko matsala. Ba ta nuna ko ɗaya ba. Fitilar ABS da ke allon gaban direba ma tana kamawa idan an murɗa makulli, ta mutu bayan 'yan daƙiƙu, kamar yadda ya kamata. Muka leƙa man birki, yana nan a cike. Sai muka dubi mutumin da ya haife mu, muka ce, “Baba, motarka lafiya lau take. Kwamfuta ba ta ga komai ba.”

Ya yi shiru, sannan ya ce, “'Ya'yan nan, ƙafata ce ke kan birkin, ba ta kwamfuta ba.” Muka yi murmushi irin na waɗanda suka sani. Ya ja motarsa ya tafi.

Bayan kwana biyu ya dawo, fitilar gabansa ta hagu a fashe. A wata mahadar hanya, lokacin tashin 'yan firamare, wani mai Adaidaita Sahu cike da yara ya tsaya a gabansa. Baba ya riga ya rage gudu, ya taka birki kamar kullum, fedar ta yi kakkarwar nan, motar ta ƙara gaba ta daki bayan Adaidaitar. Allah ya kiyaye babu wanda ya ji ciwo, sai kukan tsoro da yaran suka yi da kuɗin gyara da ya biya. Yana ba da labarin bai ɗaga murya ba, bai kuma nuna mu da yatsa ba. Da ma ya zage mu, da ya fi mana sauƙi. Ran nan muka gane ma'anar karin maganar nan da ke cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Kafin mu ci gaba, ƙannenmu, bari mu gaya muku abin da ABS yake, don mu ma sai a daren ran nan muka zauna muka karanta shi da gaske. Kun tuna darasin goga a fiziks, inda aka ce abu biyu da ke manne ba sa zamewa sun fi riƙe juna fiye da waɗanda suka riga suka fara zamewa? Haka taya take da kwalta. Idan direba ya danne birki da ƙarfi har taya ta daina juyawa ɗungurungum, sai ta koma jan ƙasa. Riƙonta ya ragu, kuma komai murza sitiyarin da za a yi, motar ba za ta bi ba, sai inda nauyinta ya kai ta. ABS tsari ne da ke hana tayar ƙamewa. Jiragen sama ne suka fara amfani da irinsa, sannan a 1978 kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz na Jamus suka fitar da na lantarki a motocin sayarwa.

Ga yadda yake aiki. A jikin abin da taya ke juyawa a kai akwai wani zobe na ƙarfe mai haƙora. Dab da shi akwai ɗan ƙaramin abu da makanikai ke kira sensa. A tsofaffin motoci irin ta Baba, maganaɗisu ne a cikinsa da siririyar waya da aka nannaɗe. Duk haƙorin da ya gifta ta gabansa sai ya haifar da 'yar wutar lantarki a cikin wayar, bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a 1831, wadda ke cikin littafinku na fiziks. Ƙwaƙwalwar ABS tana ƙirga wannan saƙo, ta san gudun kowace taya. Idan ana cikin taka birki ta ga wata taya na shirin tsayawa alhali sauran na juyawa, sai ta sassauta matsin man birki a wannan tayar, ta sake matsewa, ta sake sassautawa, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan saki da kamun ne direba ke ji kamar kakkarwa a ƙafarsa. A kan hanya mai santsi, wannan kakkarwar alama ce ta aiki mai kyau. A kan busasshiyar kwalta kuwa, mota na tafiyar hawainiya, babu dalilin da zai sa ta zo.

Baba ya zo da shawararsa. Abokan aikinsa a tasha sun ce ya sa a zare fis ɗin ABS kowa ya huta, ai motocin da suka koyi tuƙi da su ba su da shi. Gaskiya ne idan an zare fis birki na yau da kullum zai ci gaba da kamawa, kakkarwar ma ta ɓace. Mu kanmu, don kunya da son a rufe maganar, mun so a yi hakan. Oga ya girgiza kai. Ya ce, “Baba, idan ka sauke kaya ka juyo, me ke bayan motar nan?” Baba ya ce babu komai. Oga ya ce to a nan haɗarin yake. A-kori-kura idan ba kaya, bayanta ba shi da nauyi, tayoyin baya su ne ke saurin ƙamewa. Ranar da aka yi ruwa, akuya ta gifta, aka danne birki, bayan motar na iya juyowa gaba. “In an zare fis, an rufe bakin mai ƙara ne, ba a yi shari'ar ba.”

Daga nan muka ba da tamu shawarar, wai a canza fam ɗin ABS gaba ɗaya, tunda daga wajensa gurnanin ke fitowa. Oga ya tambaye mu kuɗinsa. Ba mu sani ba. Da ya faɗa, sai muka ga Baba ya sunkuyar da kai, domin ya fi abin da yake samu a wata. Oga ya ce, “In kun canza kuma ba shi ba ne, wa zai biya?” Babu wanda ya amsa.

Abin da ya yi bayan nan shi ne abin da ya kamata mu yi tun ranar farko. Ya jawo benci, ya zaunar da Baba, ya shiga yi masa tambayoyi. Yaushe abin ya fara? Da kaya ko ba kaya? Da sanyin safiya ko da rana? A wane gudu? An taɓa aiki a ƙafar gaba kwanan nan? Baba ya amsa dalla-dalla: tun farkon damina, ko da kaya ko babu, kuma kullum sai gudun ya sauko kamar na mai sassarfa. Oga ya juyo gare mu ya ce, “Kwamfutarku tana iya nuna gudun kowace ƙafa alhali mota na tafiya?” Tana iyawa. Mu ne ba mu taɓa buɗe wannan shafin ba.

Muka tafi wani fili da babu mutane. Baba na tuƙi, Oga na gefensa, mu muna baya da kwamfutar a cinya. Lambobin gudun tayoyin suna tafiya tare: 30, 20, 15. Da suka sauko ƙasa da kilomita 10 a awa, sai lambar tayar gaba ta hagu ta faɗi zuwa sifili farat ɗaya, sauran kuwa suna kan 7 da 6. A daidai wannan lokaci gurnanin ya tashi. Muka maimaita sau huɗu, sau huɗu abin ya faru. Tayar tana juyawa, idonmu ya gani, amma ƙwaƙwalwar ta ɗauka ta ƙame, sai ta sakar mata birki a lokacin da aka fi buƙatarsa.

A nan ne karatun aji ya yi mana rana. Ƙarfin wutar da irin wannan sensa ke haifarwa ya dogara da abu biyu: saurin wucewar haƙoran, da kusancinsu da maganaɗisun. Idan ratar da ke tsakani ta ƙaru, saƙon zai raunana. Ana cikin gudu, saurin juyawa na rufe wannan rauni. Gudu na raguwa, sai saƙon ya yi ƙasa har ƙwaƙwalwar ta daina jin sa. Kuma tunda wayar ba ta tsinke ba, sensa bai ƙone ba, ƙwaƙwalwar ba ta ga laifin da za ta rubuta ba, fitila ma ba ta kama ba. Kwamfuta ba ta yi mana ƙarya ba. Mun tambaye ta ko an rubuta laifi, ta ce a'a. Mu ne muka mayar da amsar ta zama “lafiya lau”.

Muka koma gareji, aka ɗaga gaban motar da jak, aka tokare ta da ƙafafun ƙarfe, domin Oga ba ya barin kowa ya sa hannu a ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Muka cire jonin sensa, muka sa mita, ɗayanmu yana juya tayar da hannu. Ta dama ta ba da wutar da ta ninka ta hagu fiye da sau biyu. Da aka kwance ƙusa ɗayar da ke riƙe da sensan hagu, sai ga dalili a fili. Tsatsa ta taru a mazauninsa, ta kumbura, ta ɗaga shi sama kaɗan, abin da bai fi kaurin farce ba. Oga ya ce yawancin irin waɗannan motoci daga ƙasashen ƙanƙara suke zuwa, inda ake barbaɗa gishiri a hanya da hunturu, don haka da tsatsarsu suke isowa, lakar daminarmu kuma ta ƙarasa aikin.

Muka toshe ramin da tsumma don kada datti ya faɗa cikin boris, muka goge mazaunin da sanfefa har ƙarfen ya yi haske, muka share bakin sensan, muka shafa ɗan giris don tsatsa kada ta yi saurin dawowa, muka mayar. Muka yi wa na dama haka shi ma. Da muka sake aunawa, tayoyin biyu sun yi kusan daidai. A filin gwaji lambobin suka sauko tare har sifili, motar ta tsaya cak, babu gurnani. Abin da aka kashe bai wuce kuɗin sanfefa da giris ba.

Kafin Baba ya tafi, muka same shi a gefe muka ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, amma ya ƙara da cewa, “Gobe idan tsoho ya ce muku yana jin abu, ku shiga motar ku ji tare da shi.” Oga kuma ya ƙi karɓar kuɗin aiki, ya ce garejinsa ne ya sallami motar da farko, don haka shi ma da nasa kason a fasasshiyar fitilar. Wannan ya fi duk wani faɗa yi mana zafi.

Ga abin da za ku iya kai wa iyayenku da yayyenku masu mota. Fitilar ABS, mai ruwan ɗorawa, ya kamata ta kama idan an murɗa makulli, sannan ta mutu. Idan ta zauna a kunne, tsarin ya kashe kansa, birkin yau da kullum ne kawai ke aiki, a kai mota a duba. Idan ba ta kamawa sam, mai yiwuwa wani ya cire ƙwanta don ya ɓoye matsala, abin lura ne ga mai sayen tsohuwar mota. Jar fitilar birki kuwa, idan ta kama alhali an saki birkin hannu, a tsaya a duba man birki kafin a ci gaba. Idan kuma aka taka birkin gaggawa a hanya mai santsi aka ji kakkarwa, kada a ɗaga ƙafa, a ci gaba da dannewa ana sarrafa sitiyari.

Mun koma makaranta da littafin rahoton horo cike da zane-zane. A shafin da muka rubuta aikin motar Baba, malamin da ya duba ya tambayi dalilin da ya sa muka fara da jerin tambayoyin da aka yi wa direba kafin mu zo kan awo. Muka ba shi labarin Adaidaita Sahun da yaran da ke cikinta. Ya ɗan yi shiru, ya sa hannu, ya ce mu bar shafin yadda yake.